Kafin Kano, akwai Zainab ta Galma

Wata mai karatu daga Gazawa ta aiko da tambaya. Ta ce littattafan soyayya da take saye a kasuwar Maraɗi, waɗanda ake shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa, ƙawayenta na Agye da Gidan Rumji kowa cewa take Kano ce ta haife su. Wai haka ne?

Kano ta raine su, wannan ba gardama. Haihuwa kuwa sai mu koma Zariya.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya sa gasar da ta fito da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi. Labaransu yaƙi ne, da yawon duniya, da bauta. A tsakiyar shekarun 1930 ɗin ne kuma aka buga wani ɗan siririn littafi, Jiki Magayi, da sunaye biyu a bangonsa: John Tafida, mutumin Wusasa, da shi East ɗin. Labarin garin Galma ne. Abubakar na son Zainab, ita ma tana son sa, sai attajiri Malam Shehu, mai mata amma ba ɗa, ya shigo da dukiya ya aure ta. Abubakar bai haƙura ba. Ya bazama neman asiri, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, yaro ya tashi ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Duk wanda ya zauna ƙaramin gari ya san irin wannan auren, ya san yadda ake raɗarsa a bakin rijiya.

To, na wa ne labarin? Wasu na ganin hannun Bature a tsarinsa, ganin yadda ya miƙe ba ratse. Ni dai na fi karkata ga Tafida. East na iya gyara jimla ya datse surutu, amma zafin saurayin da kuɗi suka ƙwace wa budurwa, da sanin ƙofar da ake bugawa in zuciya ta ƙi sanyi, sai ɗan gida.

Masu cewa So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ne farko, na 1980, suna da hujjarsu: a nan ne mace ta riƙe alƙalami, budurwa ta faɗi wanda take so da bakinta. Sai dai shekara arba'in da wani abu ke tsakaninsa da Jiki Magayi.

Sauran kowa ya sani. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna, Ibrahim Malumfashi ya kira irin waɗannan littattafan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu a jarida, aka ƙona wasu a Kano a 2007. Yau har a waya ƴan matan Gazawa ke karanta su.