Tanderun Bango da Tarihin Gyaransa

Tanderun lantarki da ake girkawa a cikin bangon kicin, wanda yanzu ake samu a gidajen masu hali a Abuja da Kano da Yamai, yana da wata lalura da duk mai gyara ya sani. Agogonsa na tafiya, ƙwan cikinsa na haske, fanka na juyawa, amma kwaɓin kek zai yi awa guda a ciki bai tashi ba. Masu gida da yawa sai su yanke masa ƙauna, su fara tambayar farashin sabo. Tarihin wannan na'ura bai goyi bayansu ba. Abin da ke haifar da zafi a cikinta bai sauya ba fiye da shekara ɗari, kuma yana cikin kayan gida mafiya sauƙin gyara. Abin da ya sauya shi ne hannun da ikon gyaran yake ciki, kuma wannan sauyi ne nake ganin ya cutar da mai saye.

A 1892 Thomas Ahearn ya nuna tanderun lantarki a birnin Ottawa na Kanada, har aka dafa abincin liyafa da shi. Amma na'urar ba ta bazu ba, domin babu waya mai araha da za ta yi jajir kullum a cikin iska ba ta cinye ba. Albert Marsh na Amurka ne ya warware wannan, da wani haɗi na ƙarfen nikel da kuromiyam da ya yi wa rajista a 1906. Idan wayar ta yi zafi, sai wata fata siririya ta fito a bayanta, ta hana iska ci gaba da cin ta. Bayan 'yan shekaru kamfanin General Electric ya nannaɗe irin wannan waya, ya cusa ta cikin bututun ƙarfe, ya cike tsakaninsu da wani farin gari mai barin zafi ya wuce amma ya tare lantarki. Wannan bututu shi ne koyil ɗin da ke lanƙwashe a ƙasan tanderu da samansa har yau. Idan ya mutu, sau da yawa ido ma na gani: ya kumbura a wuri guda, ko ya tsage. In ido bai gani ba, mita za ta faɗa. Koyil mai ƙarfin wat 2,400 a kan wutar bolt 240 zai nuna om 24 ko kusa da haka. In mitar ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke. A yawancin tanderu ƙusoshi biyu ne da wayoyi biyu ke riƙe da shi.

Bayan koyil, mataki na biyu shi ne auna zafi. Mai gurasa a Kano takan san tanderunta ya yi daidai da zarar ta kai hannu bakinsa, kuma haka masu girkin Turai suka yi ƙarni bayan ƙarni. A 1923 aka fitar da murhun gas a Ingila mai ma'aunin Regulo, wanda ke rage wuta ko ƙara ta da kansa. Ma'aunan da suka yi shekaru suna aiki a tanderun lantarki ma ba su da wani sirri: ɗan ƙaramin bututu ne mai ruwa a ciki, in ya ji zafi ruwan ya buɗe, ya tura makunni ya yanke wuta. In ya fara ƙarya, a kan juya wata 'yar ƙusa a daidaita shi. Duk wanda ya taɓa buɗe na kamfani ɗaya zai gane na saura.

A 1947 kamfanin Thermador na Amurka ya raba tanderu da murhu, ya ɗaga shi zuwa cikin bango don mai girki ta daina sunkuyo. Wannan ya jawo abubuwa biyu. Na farko, kafinta yakan yanka gurbin ne daidai da tanderun da aka saya, don haka sauya shi bayan shekara goma sha biyar na iya nufin rushe kabad. Babu kayan kicin da ya fi shi cancantar a gyara maimakon a jefar. Na biyu, akwatin wuta ne a tsakiyar katako, dole aka sa masa fankar sanyaya da fis mai yankewa in zafi ya wuce kima. Da General Electric ta kawo tanderu mai wanke kansa a 1963, wanda ke ƙone maiƙo da zafin da ya kai kusan digiri 480, sai wannan fis ya shiga sahun farko na abubuwan zargi. Masu gyara sun saba da ƙorafin cewa tanderu ya wanke kansa jiya, yau ya ƙi zafi. Fis ɗin bai kai kuɗin kek biyu ba, sai dai kai hannu gare shi yakan buƙaci a zaro tanderun duka daga bango.

Har zuwa nan sana'ar tana hannun duk mai mita da hankali. Daga shekarun 1980 ne allon lantarki ya fara maye gurbin ma'aunin ruwa. Ƙaramin sandan da ke jin zafi a cikin tanderun zamani har yanzu yana da sauƙin gwaji, domin a yawancin ƙirar Amurka yakan nuna om 1,080 in tanderun yana sanyi. Matsalar tana kan allon. Ƙananan makunnai ne a jikinsa ke tura wuta zuwa koyil, kuma su ne ke ƙonewa, ko dalmar da ta riƙe su ta tsage. Makunnin ba shi da tsada, amma kamfani ba ya sayar da shi. Allon gaba ɗaya yake sayarwa, kuma in ya daina ƙera shi, tanderun da ƙarfensa zai iya shekara talatin ya zama bola. Lambobin da ke fitowa a fuskarsa don nuna lalura ma kowane kamfani da nasa.

Za a ce allon ya kawo daidaiton zafi da tsaro da tsohon ma'auni bai taɓa kawowa ba. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a koma baya. Amma daidaito bai wajabta ɓoye zanen waya ko hana kayan gyara ba. Kamfanonin Amurka sun daɗe suna saƙale takardar zanen waya a bayan fuskar na'ura don amfanin mai gyara, kuma hakan bai rage musu inganci ba. Tarayyar Turai ta amince da wannan hujja a 2021, lokacin da ta wajabta wa masu ƙera firji da injin wanki su ajiye kayan gyara na shekara bakwai zuwa goma. Abin takaici, tanderu bai shiga wancan jeri ba. Za a kuma ce gyara haɗari ne. Wutar bolt 240 tana kisa, kuma wanda bai san aikin ba bai kamata ya kwance ko ƙusa ɗaya ba. Sai dai hana bayani ba ya hana mutane buɗe na'ura. Abin da yake yi shi ne sa ƙwararre ma ya yi aiki da lalube.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi: a Landan ko New York ladan mai gyara na iya kusantar rabin kuɗin sabon tanderu. A garuruwanmu lissafin a juye yake. Sabo da dala ake shigo da shi, ga kuma masu gyaran rediyo da talabijin da suka iya ciro makunni daga allo su liƙa wani da dalma, aikin da wakilan kamfani a Turai ba safai suke yi ba. Kayan gyara da zanen waya ne suke rasawa. Akwai kuma lalurar da littafin kamfani ba ya kawowa, domin an rubuta shi ne don ƙasashen da wutarsu ke tsaye. Zafin koyil yana faɗuwa da sauri fiye da faɗuwar wuta: in bolt 230 ya sauko zuwa 180, kashi 61 cikin ɗari na zafin kawai zai rage, alhali agogo da ƙwai suna ci gaba da aiki. Sannan wutar da ake ɗaukewa a maido da ƙarfi ta fi yi wa allon illa fiye da koyil. Shi ya sa mai gyaran da ya san ƙasarsa yake fara sa mita a kan wutar da ke shigowa gidan kafin ya taɓa tanderun, sannan ya kashe babban makunni ya bi koyil, ya bi fis, ya bi sandan jin zafi, ya bar allon a ƙarshe.