Abin da tsofaffin hotuna suka adana game da masuntan Sikotilan

1/ Yau za mu leƙa garuruwan masunta na bakin tekun Sikotilan ta cikin tsofaffin hotuna. Labarin kifi ne da kuɗi da mutuwa, da kuma matan da suka riƙe sana'ar.

2/ Mu fara da Newhaven, kusa da Edinburgh. Tsakanin 1843 da 1847 wasu mutum biyu, David Octavius Hill da Robert Adamson, suka riƙa ɗaukar masuntan ƙauyen da matansu. A lokacin hoto sabon abu ne, kuma talaka bai cika shiga gaban kyamara ba.

3/ Za ka ga matan da siket mai ratsi-ratsi, ga manyan kwandunan da suke goya kifi zuwa birni su sayar. Abin burgewa, an rubuta sunayen wasunsu, kamar Elizabeth Johnstone Hall. Adamson ya rasu a 1848 yana ɗan shekara 26, aikin ya tsaya nan.

4/ Sai Wick, can arewa. A wasu hotunan ba ka ma ganin ruwan tashar, jiragen ruwa sun cika ta maƙil, ganguna jibge a baki. Kifin herin ne ya tara su. Iyalan Johnston sun ɗauki garin daga 1863 zuwa 1975, kaka da ɗa da jika.

5/ Ku lura da hannun 'yan matan da ke hotunan: yatsunsu a naɗe da tsumma, saboda wuƙa da gishiri. Uku-uku suke aiki, biyu na fede kifi, ɗaya na jerawa a ganga. Ƙwararriya kan fede kusan 60 a minti ɗaya. Wallahi ba wasa ba.

6/ Kuma ba sa zama wuri guda. Suna bin jiragen daga Shetland zuwa Fraserburgh da Peterhead, har Great Yarmouth a Ingila. A 1907 an cika ganga kusan miliyan 2.5, akasari aka kai Jamus da Rasha.

7/ Amma teku ba ta da sabo. Ranar 14 ga Oktoba 1881 guguwa ta kashe masunta 189, 129 daga garin Eyemouth kaɗai. Wasu jiragen sun farfashe ne a bakin tasha, mata da 'ya'ya suna tsaye suna kallo.

8/ Me ya karya kasuwar? Yaƙin Duniya na Ɗaya da juyin juya halin Rasha na 1917 sun rufe wa masuntan manyan masu saye. Daga baya yawan kamu ya ƙarar da kifin, har aka hana kamun herin a Tekun Arewa a 1977. Tashoshi da dama yanzu sai 'yan yawon buɗe ido.

9/ Abin da ya tsaya min a rai: waɗanda aka rubuta sunansu, zuriyarsu na iya gane su har gobe. Sauran kuwa sai dai a ce "wata mai sayar da kifi".

10/ Don haka in akwai tsohon hoto a akwatin Hajiya ko Kaka, ku zauna da su tun suna raye. Wane ne wannan? Ina aka ɗauka? Wace shekara? Ku rubuta a bayansa, ku ɗauka a waya.