Taswirar yaɗuwar ƙarya a intanet

Taswirar yaɗuwar ƙarya zane ne da masu bincike ke haɗawa a kwamfuta domin nuna yadda labarin ƙarya ke tafiya daga hannu zuwa hannu a shafukan sada zumunta. Kowane ɗigo a jikinta shafi ne ko asusu, kowane layi kuma hulɗa ce: wa ya kwafi wa, wa ke bin wa. Ba kallo kawai ake yi ba. Mai karatu na iya danna ɗigo ya ga sunan shafin, ya faɗaɗa wani lungu, ko ya koma baya ya ga ranar da maganar ta ɓulla.

Kafin zane, sai an tattara dubban saƙonni, a tace su, a zuba su cikin manhaja irin Gephi, wadda ɗalibai suka ƙirƙiro a Compiègne ta Faransa a 2008. Manhajar na jawo ɗigogin da ke yawan hulɗa kusa da juna, sai su taru gungu-gungu. Shafukan da ke iƙirarin ba su san juna ba, amma suna sakin jimla ɗaya a lokaci ɗaya, nan asirinsu ke tonuwa. A 2016 Jami'ar Indiana ta Amurka ta buɗe Hoaxy domin kowa ya gwada da kansa.

Irin wannan bincike ya shafi Sahel. A Disamban 2020 Facebook ya rufe shafukan bogi da ya danganta da wasu masu alaƙa da sojojin Faransa, da wasu na Rasha. Na Faransa sun fi auna Afirka ta Tsakiya da Mali, amma har Nijar sun taɓa. Kamfanin Graphika da masu bincike na Jami'ar Stanford sun nuna ɓangarorin biyu suna shiga shafukan juna, kowa na kiran ɗan'uwansa maƙaryaci.

Sai dai taswira ba alƙali ba ce. Tana nuna masu yaɗawa, ba ta tabbatar da gaskiya ko ƙaryar magana, kuma wanda ya zaɓi bayanan shi ya zaɓi abin da za a gani. Samun bayanan ma ya yi wuya: Twitter ya daina ba da su kyauta a 2023, Meta ya rufe CrowdTangle a Agustan 2024. Babban giɓin shi ne WhatsApp. Saƙonninsa a kulle suke, don haka muryar da aka naɗa da Hausa, ta zaga Maraɗi da Damagaram kafin azahar, ba ta barin ko ɗigo ɗaya a taswirar.