Kalmar "Tsarki" Tsakanin Coci da Masallaci a Zangunan Accra

1.0 Gabatarwa

A unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra, Hausa ce harshen kasuwa da na tsakar gida, ko ga wanda ba Bahaushe ba. Musulmi ne suka fi yawa, amma akwai Kiristoci da dama, musamman 'yan arewacin Ghana, kuma cocin Katolika na St. Kizito yana cikin Nima. Wannan takarda za ta duba yadda kalma guda, wato "tsarki", ta ɗauki ma'ana biyu a bakin waɗannan maƙwabta.

2.0 Yadda Kalmar Ta Rabu

Malaman zango sun gaji karatun fiƙihun Malikiyya daga ƙasar Hausa. A littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, tsarki ya shafi kawar da najasa, da alwala, da wanka, da taimama. Ba a salla sai da shi.

Da J. F. Schön ya fara juya sassan Linjila zuwa Hausa a ƙarni na 19, har aka kai ga cikakkiyar fassarar da Walter Miller da abokan aikinsa suka fitar a 1932, wannan kalma ta sami sabon aiki. Da ita aka sami "Littafi Mai Tsarki" da "Ruhu Mai Tsarki". A babi na 7 na Markus, Farisiyawa sun zargi almajiran Yesu da cin abinci ba su wanke hannu bisa al'ada ba. Ya nuna musu cewa abin da ke fitowa daga zuciya, kamar hassada da girman kai da yaudara, shi ke ƙazantar da mutum. Saboda haka Kirista ba ya alwala kafin addu'a.

3.0 Inda Ake Samun Saɓani

A gidan haya da ake tarayya a famfo ɗaya da makewayi ɗaya, wanda ya ce maƙwabcinsa "ba shi da tsarki" yana nufin buta ne, amma wanda aka faɗa wa yakan ji an zagi zuciyarsa. Shi kuma yakan ɗauka cewa tsarkin Musulmi ya tsaya ga ruwa. Wannan ma kuskure ne: Ahalari ya fara da gyaran imani da tuba kafin ya zo kan ruwa, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa tsarki hawa huɗu, wankin jiki shi ne na ƙasa.

4.0 Kammalawa

A ranar Ista ta 2019, Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King a Accra yayin cikarsa shekara 100. Irin wannan zumunci yana ɗorewa ne idan kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke nufi. Don haka ya kamata ɗalibin fassara, duk inda ya ci karo da "tsarki", ya fara tambayar daga bakin wa ta fito.