Zambon Siyasa daga Kano zuwa Agege

Ɓata sunan abokin hamayya ya girmi talabijin a siyasar Hausawa. Tun a shekarun 1950 mawaƙan jam'iyyun NEPU da NPC sun riƙa jifan juna da zambo da habaici.

A zaɓen 2015 abin ya koma jarida da talabijin. Gwamnan Ekiti na lokacin, Ayo Fayose, ya buga talla mai nuna Buhari zai iya rasuwa a kan mulki, tashar AIT kuma ta nuna fim na sukar Tinubu. A unguwannin Hausawa na Legas irin Agege, inda maganar limami da shugaban kasuwa ta fi talla nauyi, irin wannan zagi sai dai ya harzuƙa magoya bayan waɗanda aka zaga. Buhari ya ci Legas, AIT kuma ta nemi afuwar Tinubu a 2016.