Wanda ya ƙirƙira ya faɗa, da wanda ya ƙirƙira ya ɓoye

Jama'a, waɗanda suka fito da rai daga sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi suna ta ƙarewa. Nan gaba kaɗan littattafansu ne kawai za su yi magana a madadinsu. To wanne za mu gaskata?

Primo Levi, Bayahuden Italiya masanin haɗa sinadarai, an kai shi Auschwitz a 1944, wurin da aka hallaka mutum kusan miliyan 1.1. Su 650 aka loda a jirgin ƙasa, kimanin 20 suka dawo. Ya rubuta abin da idonsa ya gani, babu ado. Babban kamfanin ɗab'i na Einaudi ya ƙi littafin, wani ƙarami ya buga kwafi 2,500 a 1947. A ƙarshen rayuwarsa, shi da bakinsa ya gargaɗi masu karatu cewa tunanin ɗan Adam yana gogewa, yana kuma sake kama.

Jorge Semprún, ɗan Sifaniya da aka tsare a Buchenwald, shiru ya yi na shekara 18. A 1963 sai ya fitar da ƙagaggen labari kan tafiyarsu a tarago. Har abokin tafiya ya ƙirƙiro wa kansa, kuma daga baya ya fito fili ya ce babu wannan mutumin. Hujjarsa: gaskiyar da ta fi ƙarfin hankali, in ba a tsara ta ba, ba mai iya saurare. Imre Kertész na Hangari, da aka kwashe yana ɗan shekara 14, shi ma ƙagagge ya kira littafinsa na 1975. Ya ci kyautar Nobel a 2002.

Sai ga Binjamin Wilkomirski a 1995 da "tarihin yarintarsa" a sansani. Aka fassara, aka ba shi lambobin yabo. A 1998 ɗan jarida Daniel Ganzfried ya bi takardu, ashe haifaffen Suwizalan ne, a can ya yi yarintarsa gaba ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san fayil yana faɗin kwanan wata da adadi, amma ba ya faɗin yunwa da tsoro. Wannan sai bakin wanda abin ya faɗa wa. Shi ya sa ban ga laifin Semprún ba: ya shiga sansanin da gaske, ya kuma nuna mana inda ya yi ƙari. Wilkomirski kuwa rigar matattu ya ara ya sa. Illar ba ƙarama ba ce fa, domin masu musun kisan kiyashin nan suna ɗaukar maƙaryaci ɗaya su shafa wa dubban masu gaskiya kashin kaji.

Don haka in labarin bala'i ya iso wayarku, kafin ku tura gaba ku tambaya: mai maganar yana wurin? Abin da ya ƙara, ya faɗa ko ya ɓoye?