Tsakanin Lissafi da Hatimi: Saɓani Kan Tarihin Shaihu Muhammadu al-Kashnawi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi rubuta tarihin Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi sai ya ci karo da tambaya guda: shin masanin lissafi za a kira shi, ko ma'abocin ilimin asirai? Marubuta da masu tace littattafai sun saɓa a kan amsar, kuma saɓanin ya shafi amanar ilimi.

Rayuwarsa da Ayyukansa

Shaihun mutumin ƙasar Katsina ne, daga cikin malamansa akwai Shaihu Muhammadu Alwali na Bagarmi. Ya tafi aikin Hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a shekarar 1154 Hijiriyya, daidai da 1741 Miladiyya, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ya kawo tarihinsa a cikin Aja'ibul Asar, ko da yake an haife shi ne fiye da shekara goma bayan rasuwar Shaihun. Ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi, amma littattafai biyu suka fi fito da sunansa: Bahjatul Afaƙ, kan ilimin haruffa da aufaƙ, da Addurrul Manzum, kan sihiri da ɗalasimai da taurari.

Tushen Saɓanin

Wafaƙi shi ne abin da Bahaushe ya sani da hatimi, wanda almajiri a Jabo ko Tambuwal ba zai rasa ganinsa a allo ko a laya ba. Ana jera lambobi cikin gidaje ta yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, za ta zo daidai. Mai gida tara yana ba da 15, mai gida ashirin da biyar kuwa 65. Shaihun ya bayyana ƙa'idojin cika hatimin da adadin gidajen gefensa mara ne, kamar uku da biyar da bakwai, kuma wannan lissafi ne tsantsa wanda kowa zai iya jarrabawa.

A nan hanya ta rabu. Ɓangare na farko ya bi sawun Claudia Zaslavsky, wadda ta gabatar da shi ga masu karatun Ingilishi a littafinta Africa Counts na 1973. Masu wannan ra'ayi sukan fito da lissafin don raddi ga masu cewa baƙar fata ba su da rabo a kimiyya. Manufar kyakkyawa ce, sai dai waɗanda suka riƙa kwafa daga baya sun yi shiru game da Addurrul Manzum, har sunansa ma ya rikiɗe ya koma "Kishwani" a shafukan intanet da dama.

Ɓangare na biyu na ganin wanda ya wallafa littafi kan sihiri bai cancanci a jera shi cikin malaman da ake koyi da su ba. Suna da madogara, domin haramcin sihiri tabbatacce ne, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan inkari ga duba da bugun ƙasa a cikin Nurul Albab. Amma share sunansa na nufin share shaidar zurfin ilimin lissafi a ƙasar Hausa tun kafin jihadin 1804.

Kammalawa

Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. A zamanin Shaihun ba a raba lissafin hatimi da amfanin da ake nema da shi ba. Wanda ya raba su a madadinsa ya ɗora masa ma'aunin wani zamani. Tafarkin malaman hadisi wajen bayanin maruwaita ya isa abin koyi: a ambaci falalar mutum, a ambaci abin da aka soke shi da shi, ba ƙari ba ragi. Bayyana abin da littafi ya ƙunsa aikin mai tarihi ne, hukuncinsa kuwa na malaman fiƙihu, kuma ɗalibi yana da haƙƙin samun duka biyun. Allah ne Mafi sani.